Ƙarar Hukuma a Ƙasar Auduga

Kakanninmu da suka noma auduga a ƙasar Sarkin Maska da ta Galadiman Katsina ba su san talaka yana ƙarar hukuma ba. A zamanin En'e, ɗan dokan da ya kama ka na Sarki ne, alƙalin da zai yanke maka hukunci na Sarki ne, gidan yarin ma na En'e ne. Lauya ba ya taka kotun alƙali. In aka tsare ka kan kuɗin haraji, sai dangi su bi ta hannun mai unguwa da dagaci suna roƙo, in an sake ka ka yi godiya. 'Yan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri a irin waɗannan kotuna, ba wanda ya biya su diyyar ko kwana ɗaya.

A 1968 aka karɓe kotunan daga hannun sarakuna, suka zama kotunan yanki. Jihar Katsina ta samu a 1987, yau ga Babbar Kotun Jiha tana zama a Funtuwa.

Abin da nake so kowane manomi daga Bakori zuwa Malumfashi ya sani shi ne sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999: wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, haƙƙinsa ne a biya shi diyya, a kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 46 ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu a 2009 sun ƙara sauƙi, domin ɗan'uwa ko wata ƙungiya na iya shigar da ƙarar a madadin wanda ke tsare, kuma daɗewar abin ba ta kashe ƙara.

Inda raina ke ɓaci shi ne bayan hukunci. Mutum ya sayar da buhunan masararsa ya biya lauya, ya yi ta zirga-zirga har damina biyu, kotu ta ba shi gaskiya. Sai a ce masa wata doka da muka gada daga Turawa ta hana taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnatin da ya kayar a gaban alƙali.