Babbar Hanyar Tamale da Tsofaffin Gine-ginenta

Gbalahi ƙauye ne a gefen birnin Tamale, a arewacin ƙasar Gana. Idan mutumin Gbalahi ya ce za shi gari, galibi nufinsa babbar hanyar nan da ta ratsa tsakiyar Tamale, wadda ta taso daga Kumasi a kudu ta nufi Bolgatanga da iyakar Burkina Faso a arewa. A bakinta da kewayenta ne kasuwa take, da babban masallaci, da fadojin sarakuna, da ofisoshin hukuma. Dubban mutane suna bin ta kowace rana a kan babura da kekuna, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi waɗannan wurare suka taru a waje ɗaya. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai karanta tarihin garin kusan gaba ɗayansa.

Kafin zuwan Turawa, Tamale tarin ƙananan ƙauyuka ne na Dagwamba a ƙarƙashin Ya Na, babban sarkin Dagbon mai zama a Yendi. Ana cewa sunan garin ya samo asali daga kalmar Dagbanci mai nufin 'ya'yan kaɗanya, saboda yawan wannan itace a wurin. A lokacin, manyan garuruwan yankin su ne Yendi da Salaga, inda fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suke sauka. Abubuwa biyu suka juya al'amarin. Na fari, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa. Na biyu, a 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagbon, Yendi ta faɗa hannun Jamus, yammacin ƙasar kuwa ya zauna a hannun Ingila. Da Ingilishi suka nemi wuri na tsakiya da za su riƙa mulkin arewa daga cikinsa, sai suka ɗauke hedkwatarsu daga Gambaga suka kawo ta Tamale a 1907. Daga wannan shekara ne ake ƙidayar tarihin Tamale a matsayin birni.

Wurin da ya kamata a fara da shi shi ne kasuwa, domin ta riga ofisoshin Turawa. A ƙasar Dagbon kasuwanni suna ci ne bayan kowane kwana shida, kowane gari da ranarsa, Tamale ma tana cikin wannan zagaye. Da gari ya zama hedkwata, aka kuma gyara hanyar Kumasi har motoci suka fara isowa wajen shekarun 1920, sai kasuwar ta bunƙasa ta koma ta kullum. Doya da masara da gyaɗa da man kaɗe suka riƙa sauka kudu, gishiri da atamfa da kananzir suna hawowa. Hausawa da Mosawa da Yarbawa suka zo suka kafa zango da unguwanni kusa da ita, har yau akwai Zangon Hausawa a tsakiyar gari. Ta haka ne Hausa ta zama ɗaya daga cikin harsunan ciniki a Tamale, ko da yake Dagbanci ne harshen gida.

Ba nisa da kasuwa akwai fadoji biyu waɗanda labarinsu ya sarƙe da juna, wato fadar Dakpema da fadar Gulkpe Na. Gulkpe Na shi ne wanda Ya Na ya ɗora a kan ƙasar da Tamale take ciki, amma bisa al'ada mazauninsa Yendi ne, kusa da ubangidansa. Sa'ad da Ingilishi suka iso, Yendi tana hannun Jamus, saboda haka Dakpema, wanda sarautarsa take da alaƙa da kasuwa, shi suka tarar a gari, da shi kuma suka yi ta hulɗa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus ta rasa ƙasashenta, Dagbon ta sake haɗuwa, daga baya kuma, a zamanin mulki ta hannun sarakuna, Gulkpe Na ya dawo da zama Tamale. Tun daga nan garin ya kasance da manyan gidajen sarauta biyu kusa da juna, an kuma sha yin muhawara a kan matsayin kowannensu da ikonsa a kan filaye. A ƙofar irin waɗannan fadoji ne ake bikin Damba a watan haihuwar Annabi, makaɗan kalangu da ake kira lunsi suna jero sunayen sarakunan da suka shuɗe. Su ne ma'ajiyar tarihin Dagbon tun kafin takarda ta yawaita.

Babban Masallacin Tamale yana tsaye a tsakiyar gari, hasumiyoyinsa suna nuna wa baƙo inda ya dosa tun daga nesa. Ranar Juma'a sahu yakan fito har bakin titi, ciniki ya lafa sai an idar. Shi ma yana da nasa tarihin. A shekarun 1960 aka yi zazzafar jayayya tsakanin malaman ɗarikar Tijjaniyya da almajiran Afa Ajura, malamin da ya kafa makarantar Anbariyya, wanda ya rasu a 2004. Masallacinsa da ke unguwar Sakasaka ya zama cibiya ta biyu ta karatu da wa'azi a garin. Majami'u ma sun samu gurbinsu. Limaman Katolika sun fara sauka Navrongo a 1906, amma sai a 1946 suka kafa mazauni a Tamale, garin ya kuma zama mazaunin babban bishop a 1977. Yawancin mutanen Tamale Musulmi ne, masallaci da majami'a kuwa sun daɗe suna maƙwabtaka a cikinta.

Gine-ginen hukuma suna da nasu labarin. Turawa sun ɗauki arewa a matsayin wurin samun leburori domin ma'adinan zinariya da gonakin koko na kudu, saboda haka ba su yi gaggawar buɗe makarantu ba. An buɗe makarantar firamare ta gwamnati a Tamale a 1909, kwalejin horon malamai ta Bagabaga a 1944, makarantar sakandare ta farko a duk arewa kuwa sai 1951, shekara shida kacal kafin Gana ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957. Wannan jinkiri yana cikin dalilan da suka sa sarakuna da 'yan bokon arewa suka taru a Tamale a 1954 suka kafa jam'iyyarsu ta mutanen arewa, domin kada a bar yankinsu a baya. Tsohon asibitin zamanin Turawa yana nan cikin gari. Babban asibitin da aka buɗe a 1974, zamanin mulkin Acheampong, yana kan hanyar Salaga, shi ne ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Nazarin Ci Gaba wadda aka kafa a 1992.

A 'yan shekarun nan fuskar hanyar ta sake sosai. An gyara filin taro na tsakiyar gari domin bikin cikar Gana shekara 50 a 2007. An gina sabon filin ƙwallo domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, daga baya aka sa masa sunan Aliu Mahama, tsohon mataimakin shugaban ƙasa. A watan Maris na 2022 aka buɗe gadar sama da ta bi ta kan tsakiyar gari, irinta ta farko a arewacin Gana. Ƙidayar 2021 ta nuna mutane fiye da 370,000 a ƙaramar hukumar birnin kaɗai, ban da Sagnarigu da ke manne da ita. Matafiyin da ya hau gadar yana iya wuce tsakiyar garin cikin 'yan mintoci, bai san abin da ya bari a ƙarƙashinsa ba.

A nan ne abin damuwa yake. Gidajen Dagwamba na asali zagayayyun ɗakuna ne na ƙasa da jinka, an haɗa su da katanga sun kewaye tsakar gida. Irin wannan gini yana bukatar yaɓe da sabon baibaye a kai a kai, fili a tsakiyar gari kuwa ya yi tsada, saboda haka da yawa sun ba da wuri ga shaguna da benaye na siminti. Babu mai zargin magidancin da ya nemi abin da zai ciyar da iyalinsa. Amma gini in ya rushe ba a auna shi ba, ba a ɗauki hotonsa ba, ba a tambayi tsofaffin da suka zauna cikinsa ba, to, shaida ce ta tafi wadda ba ta dawowa. Akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta gwamnati a Tamale, akwai jami'a da ɗalibanta, akwai lunsi da dattawan zango da suke da rai. Abin da ya rage shi ne a haɗa abin da takarda ta ajiye da abin da baki ya riƙe, gida gida, tun masu labarin suna nan.

Mutanen Gbalahi sun san wani gefe na wannan ci gaba, domin a yankinsu ne aka keɓe babban jujin da motocin shara suke kai abin da birnin ya zubar. Kullum suna ganin yawan abin da gari mai girma yake yarwa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma sun kuma ce waiwaye adon tafiya. Tamale ta cika shekara 100 da zama hedkwata a 2007, tana kuma ƙara faɗi kowace shekara. Alhakin sarakunanta da hukumominta da malamanta ne su zauna su tantance gine-ginen da za a bar wa jikoki, su rubuta su, su kuma tanadi abin gyara su kafin damina ta gaba.