Gishirin Ada: Wa Ke da Ta Cewa a Tafkin Songor?

Duk wanda ya tashi a zango a ƙasar Gana, ko a Nima ne ko Kumasi ko Tamale, ya san gishirin Ada, mai manyan ƙwayoyin nan da iyayenmu mata ke auna wa mutane a kasuwa. Mun ci shi a miya, mun ga ana barbaɗa shi a fata da kifi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa taka inda ake ɗebo shi. A yau can za mu leƙa, domin tarihin ƙauyukan da ke wurin yana da abin da zai gaya mana game da majalisun gundumominmu, da iyakar abin da suke iya yi wa talaka.

Ƙasar Ada tana gabas da Ankara, wato Akra, tafiyar kimanin kilomita 100, daidai inda kogin Bolta yake zuba a teku. Yamma da bakin kogin akwai wani shimfiɗeɗen tafki marar zurfi da ake kira Songor. Siririn tudun yashi ne kaɗai ya raba shi da teku, kuma a kan wannan tudun ne ƙauyuka irin su Totope da Pute da Lolonya da Akplabanya suke zaune, teku a gabansu, tafki a bayansu. Ta ɓangaren tudu kuma akwai su Bonikope da Toflokpo. Maza na fita su da kwalekwale, mata na banda kifi. Idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, rana ta ƙwalle, sai ruwan tafkin ya janye ya bar gishiri fari fat a kwance, babu wanda ya shuka shi, babu wanda ya dafa shi.

Mutanen Ada suna ba da labari cewa wani maharbi mai suna Korley, daga zuriyar Tekperbiawe, shi ya fara ganin tafkin yana bin sawun dabbar da ya harba, kuma wata tsohuwa ce ta damƙa masa amanarsa bisa sharuɗɗa. Wannan zancen gargajiyarsu ne, mu ba addininmu ba ne. Abin lura shi ne tsarin da suka gina a kansa. Akwai mai kula da tsafin tafkin, shi da dattawan zuriyoyin da ke da haƙƙi a wurin. Idan gishiri ya fara ɗaurewa sai a hana kowa shiga har ya nuna. Ranar da aka buɗe kuwa, kowa ya ɗauki kwandonsa: mace da namiji, ɗan gari da baƙo, kowa ya ɗebi iya ƙarfinsa, ya fitar da kason masu tafki. Ba mu ce tsarin ba shi da rigima ba, ina aka taɓa raba dukiya babu ƙorafi? Amma wanda ya yanke hukunci a lokacin, ana ganinsa da ido, an san ƙofar gidansa, kuma matar da aka zalunta tana iya zuwa ta tsuguna a gabansa kafin rana ta faɗi.

A nan ne kakanninmu suka shigo labarin. Gishirin Songor yana hawa kogin Bolta a cikin kwalekwale, ya bi ta Kete Karaci da Yeji har ya isa kasuwar Salga a ƙasar Gwanja, inda fataken Kano da Katsina da Borno suke sauke kaya su ɗauki goro. Bayan Turawan Ingila sun karya Asante a 1874, hanyar kogin ta ƙara buɗewa. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, Hausawa da yawa suka koma Kete Karaci, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934, kuma cinikin gishiri yana cikin abin da ya raya wannan zangon. Ko ta fuskar soja ma akwai sawunmu a bakin tekun: a Ada Foah ne Kyaftin Glover ya tara rundunarsa a 1873, da dakarun Hausawan da ya kwaso daga Legas. Saboda haka ba labarin wasu baƙi can nesa muke yi ba. Da ribar wannan gishirin aka gina wasu daga cikin gidajen da muka gada.

Abin mamaki, Turawan Danmak da suka gina sansaninsu a Ada a 1783, da Turawan Ingila da suka saye wurarensu a 1850, ba su ne suka raba mutanen ƙauyukan nan da tafkin ba. Bayan samun mulkin kai abin ya faru. A farkon shekarun 1970 aka ba kamfanoni biyu, Vacuum Salt da Star Chemicals, hayar manyan yankuna na Songor. Aka yi gine-ginen tare ruwa, aka sa masu gadi, sai ga matar da uwarta da kakarta suka tsufa suna ɗibar gishiri a wuri ɗaya, yau ana ce mata ɓarauniya. Masu ɗibar gishirin suka kafa ƙungiyar haɗin kai, rikici ya yi ta tashi yana kwantawa, har watan Mayu na 1985, lokacin da 'yan sanda suka kai samame, harsashi ya sami wata mata mai juna biyu, Margaret Kuwornu, ta rasu. Har yau akwai mutum-mutuminta a Bonikope. Mutuwarta ta girgiza gwamnatin Rawlings. Aka yi bincike, aka gayyato masana daga Kiyuba suka tsara yadda kamfani da talaka za su ci moriyar tafkin tare, sannan a 1992 aka kafa dokar PNDC mai lamba 287, wadda ta ɗora Songor a hannun gwamnati ta riƙe a matsayin amana. Kamfanonin sun fita, amma tafkin bai koma hannun dattawan ba. Makullinsa ya tafi Ankara.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma aka haifi majalisun gundumomi. Dokar 1988 ta kasa Gana gunduma 110, aka ce an kawo mulki ƙofar gidan talaka. Kowane yanki ya zaɓi wakilinsa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya za su kira kansila, ba tare da tutar jam'iyya ba. A tsarin yanzu kashi 70 cikin ɗari na 'yan majalisar zaɓaɓɓu ne, kashi 30 kuma shugaban ƙasa ke naɗawa. Shugaban gunduma shi ma shugaban ƙasa ke gabatar da sunansa, majalisa ta amince da kashi biyu cikin uku. An yi yunƙurin gyara tsarin mulki domin jama'a su riƙa zaɓensa da kansu, amma a watan Disamba na 2019 gwamnati ta janye batun.

To, me wakilin Totope ko na Lolonya yake iya yi? Yana iya neman famfon ruwa, da ajin makaranta, da ban ɗakin jama'a, da a zuba tsakuwa a hanyar da damina ke yankewa. Shekaru da dama ba shi da albashi sai alawus na zama, alhali shi ake bugawa ƙofa da dare idan mace na naƙuda ko an kama yaro. Mu mazauna zango mun san irin wannan wahala, don namu wakilan haka suke. Sai dai abin da ƙauyen ke rayuwa a kansa ya fi ƙarfinsa. Tsarin mulkin 1992 ya ce duk ma'adinin da ke ƙasar Gana yana hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, kuma a dokar ma'adinai gishiri ma'adini ne, tamkar zinaren Obuasi. Majalisar gunduma tana iya karɓar haraji a kan buhun gishiri, amma ba ta da ikon cewa wane zai ɗiba. A 2012 ma sai aka raba tsohuwar gundumar Dangme ta Gabas gida biyu, Ada ta Gabas mai hedikwata a Ada Foah da Ada ta Yamma mai hedikwata a Sege, tafki ɗaya ya zama yana da majalisa biyu, kuma babu wadda ke da makulli.

Gaskiya ɗaya ce, ba duk laifin ne ya zo daga waje ba. Da tsarin Kiyubawa ya kwanta a aljihun tebur, masu hannu da shuni na cikin gida, har da wasu masu sarauta, suka fara kewaye yankuna na tafkin da gaɓar laka, suna janyo ruwa da inji zuwa ramukansu. Wannan ɗabi'a suke kira atsiakpo. Ruwan da ya kamata ya bazu ya daskare wa kowa sai ya ƙare a ramin mutum ɗaya, matan da a da suke ɗiba don kansu suka koma 'yan ƙwadago, ana biyansu a kan kwano. Matan ne suka fi ɗaga murya a kan wannan, kuma gidan rediyon al'umma na Radio Ada, wanda ya fara aiki a 1998 da harshen Dangme, ya zama dandalin da suke magana. A ganinmu, muhawarar da ta dace a yi a zauren majalisa, a rediyo aka yi ta.

A watan Oktoba na 2020 majalisar dokoki ta ƙasa ta amince da ba kamfanin Electrochem, na ɗan kasuwa Daniel McKorley, hayar kimanin eka 41,000 na tsawon shekara 15. Majalisar sarakunan Ada ta goyi baya. Masu goyon bayan suna cewa tafkin ya kusa mutuwa a hannun atsiakpo, kamfani ya dawo masa da ruwa, ya ɗauki matasa aiki, ya gina wa ƙauyuka filayen gishiri nasu. Masu adawa suna cewa ba a shawarce su ba, kuma filayen da aka ware musu ba su kai abin da aka karɓe ba. Ƙauye ya rabu, wani lokaci gida ɗaya ma ya rabu, wa yana aiki da kamfani, ƙane yana cikin masu zanga-zanga.

Ta ɗaya gefen kuma teku ba ya jiran a gama shari'a. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, yashin da Bolta ke kawowa bakin teku ya ragu, igiyar ruwa ta shiga cin gaɓa. Sansanin Turawan Danmak ya tafi cikin ruwa, haka wasu layukan tsohon garin Ada Foah. Gwamnatin ƙasa ta jera duwatsun kariya a wani sashe na gaɓar a shekarun 2010, aikin da kuɗinsa ya fi ƙarfin kowace gunduma. A Totope yashi ya binne gidaje har zuwa taga, mutane suna cike bakin tafki da shara da ɓawon kawa domin su sami inda za su kafa sabon ɗaki. Idan guguwar teku ta tashi da dare, wakilinsu ne ke kirga gidajen da suka rushe da safe, ya rubuta a takarda, ya hau babur ya kai Ada Foah, daga can a aika Ankara.