Sanyi a Tsohuwar Mota: Daga Packard Zuwa Fijon Babanmu

Tarihin yau daga garejin gidanmu ya taso. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504, wato Fijo, irin wadda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 yake haɗawa. Mota tana nan da ƙarfinta, sai dai ba ta da AC. A watan Afrilu na ɗauko Hajiya a ciki, muka maƙale a cunkoso da tsakar rana. Ta dube ni ta ce: "Ɗan nan, ko ka sa mata sanyi, ko ka sayar da ita." Sayarwa kam ba ta cikin lissafina. To wace na'ura zan sa ba tare da na ɓata motar ba? Neman amsa ne ya kai ni ga tarihin abin.

A Amurka aka fara. A 1939 kamfanin Packard ya fito da AC a motocinsa na 1940, a kan ƙarin dala 274. Kuɗi ne mai yawa a lokacin, ga kuma wahala. Na'urar tana cinye kusan rabin but, kuma babu makunnin kashe kwamfireso. Idan sanyi ya ishe ka, sai ka tsaya, ka buɗe gaban mota, ka cire bel da hannunka. Ba a je ko'ina ba aka daina yin ta. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa wani gwangwani suke ratayawa a tagar mota, a zuba masa ruwa, iska ta bi ta ciki ta ɗan yi sanyi. Dabarar randa ce sak, shi ya sa a busasshen yanki kawai take aiki.

A 1954 kamfanin Nash ya tattara komai a gaban mota, sanyi da ɗumi a na'ura ɗaya, iska tana fitowa ta dashbod, a kan dala 345. Wannan tsarin ne motarka take bi har yau. A waɗannan shekarun kuma wasu kamfanoni a jihar Texas, inda zafi ba ya wasa, suka riƙa ƙera wani akwati da ake ɗaurawa a ƙarƙashin dashbod, don motar da ta fito ba AC. Kafin 1969 ta ƙare, fiye da rabin sababbin motocin Amurka da AC suke fitowa.

Sai maganar gas, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Tsofaffin na'urori da R-12 suke aiki, wanda aka fi sani da Freon. A 1974 masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin wannan gas yana cinye ozon, rufin da ke kare mu daga zafafan hasken rana. A 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal, zuwa tsakiyar shekarun 1990 motoci suka koma R-134a. Shi ma daga baya aka ce yana ƙara ɗumamar duniya, shi ya sa sababbin motoci a Turai da Amurka suka koma R-1234yf.

Me wannan yake nufi ga mai tsohuwar mota? Ba a ɗura sabon gas a tsohuwar na'ura haka kawai. Man da ke tafiya da R-12 ba ya gauraya da R-134a, in ba a wanke an canza shi ba, kwamfireso zai ƙone. Sannan R-134a ya fi matsi, yana son kwandensa mai kyau, sababbin robobi da tiyo, da sabon direya.

Kun ga zaɓi ya zama uku. Na farko, ka nemo na'ura ta asali daga irin motarka da ta mutu. Ta fi dacewa da tarihin motar, amma kayan sun tsufa kuma an yi su ne don R-12. Na biyu, na'urar zamani da ake cusawa cikin dashbod. Ta fi sanyi, ta fi kyan gani, sai dai sau da yawa sai an yanka ƙarfe da roba. Na uku, akwatin ƙarƙashin dashbod, irin na mutanen Texas.

Wani mai gyaran AC ya ce min: "Yallaɓai, bari mu yanka, awa biyu an gama." Na tsaya ina kallon dashbod ɗin nan da babanmu yake gogewa da tsumma kowace asuba. Na ce a'a. Abin da aka kwance ana iya mayarwa, abin da aka yanka ya tafi ke nan.

Na uku na ɗauka. Muka sa ƙaramin kwamfireso irin na Sanden maimakon tsohon mai nauyi da jijjiga, saboda injin Fijo mai silinda huɗu ne, duk abin da ka ɗora masa sai ya ji a jikinsa. Muka wanke lagireto, muka ƙara fanka mai aiki da lantarki, domin kwandensa a gaban lagireto yake zama, zafinsa a kansa yake sauka. Muka duba ko caji zai ɗauki ƙarin nauyin. Ƙananan huji kawai aka yi don tiyo, duk abin da aka kwance kuma na adana a kwali.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Hajiya gidan ƙanwarta. Ba mu yi nisa ba ta ce in rage, sanyin ya yi mata yawa. Na miƙa hannu na murɗa makunni, ban tsaya cire bel ba.

Mu haɗu a shiri na gaba. Allah ya kai mu.