Motar da ke cin taya: yadda aikinmu ya sauya a Zuru

"Motata tana cin taya." Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai faci ya ji wannan kuka, kuma daga yadda aka amsa shi ake bambance wanda ya koyi aikin da wanda ya sayi injin iska kawai ya kafa a bakin titi. Ni a Zuru na koya, a hannun wani dattijo da ya fara sana'ar tun motoci na bin hannun hagu, wato kafin canjin da aka yi a watan Afrilun 1972. Dokarsa ta farko ita ce yaro ba ya ɗaukar sifana sai an gama duba tayar da ido da hannu.

Yakan ce wa direba, "Malam, karya min sitiyari zuwa ƙarshe." Sai ya durƙusa ya shafa tafin hannunsa a kan zanen tayar, daga waje zuwa ciki, ya kuma dawo. In tsakiya ce ta suɗe alhali gefuna na nan da sauransu, iska ta yi yawa. In gefuna biyu ne suka cinye suka bar tsakiya, iska ta yi kaɗan, ko lodi ya fi ƙarfin tayar. Waɗannan biyu ko sabon yaro yana gane su cikin mako guda. Gefe ɗaya da ya zaizaye sumul yana nufin ƙafar ta kwanta ciki ko waje, sai a nemi sifirin da ya gaji ko ƙarfen da ya lanƙwashe. Kwarmi-kwarmi a zagayen taya kuwa yawanci shokozoba ce ta mutu, ƙafar tana tsalle tana dukan ƙasa maimakon ta kwanta a kanta.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne wanda ido ba ya gani da wuri. Hannu zai wuce lafiya ta ɓangare ɗaya, a dawowa kuma ya ji kaifi kamar haƙoran zarto. Wannan shaida ce cewa ƙafafun gaba biyu ba su fuskanci wuri ɗaya ba: ko sun tsuke ta gaba, ko sun buɗe. Motar tana tafiya miƙe, amma kowace taya ana jan ta a kaikaice. Direbobi suna raina wannan saboda bambancin bai wuce 'yan milimita ba. To ga lissafinsa. A ƙaramar mota, kuskuren milimita 3 tsakanin gaban tayoyin da bayansu yana sa su goga ƙasa a kaikaice kusan mita 5 a kowace kilomita. A tafiyar kilomita 100 an ja su rabin kilomita ke nan a kan kwalta mai zafi. Mai yin jigila tsakanin Zuru da Kontagora kullum ba zai daɗe ba sai ya ga waya ta leƙo.

Abin da ya sa wannan dubawa take aiki a zamanin maigidana shi ne tayoyin sababbi ne. Tun farkon shekarun 1960 Dunlop na ƙera taya a Ikeja, Michelin kuma a Fatakwal. Mai mota yakan sayi taya da takardarta, ya ɗaura, don haka duk tabon da ka gani a jikinta wannan motar ce ta yi shi, a kan waɗannan hanyoyi. Motocin ma ba su da yawan iri: Land Rover ta ma'aikata, akori-kura ƙirar Peugeot 404, da manyan motocin katako irin su Bedford da Mercedes 911 masu kwaso dawa da masara daga ƙauyuka. Da aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai 504 ta mamaye tasha. Kowane bakanike ya san ƙafarta ciki da waje. Da zare da tef ake daidaita ta: a ɗaure zaren ya bi gefen tayar baya zuwa ta gaba, a auna ratar, a juya taya-rod har ta zauna. Wanda ya iya, aikinsa yana fita da kyau ƙwarai, kuma har yau ban daina ajiye zare a akwatina ba.

Canji na farko da ya rikita tsofaffin masu faci daga ita kanta tayar ya zo. Tsohuwar taya mai zare a gicciye gefenta tsaye yake ƙyam, in ta yi ciki to iska ta ragu. Sabuwar ƙirar da Michelin ya yi wa rajista a Faransa a 1946, mai ɗamarar waya a ƙarƙashin zane, gefenta laushi gare shi, ko iskarta daidai take sai ka ga ta ɗan yi tumbi a ƙasa. Da ta yawaita a nan, mutanen da suka saba auna iska da ido da bugun ƙarfe suka riƙa ɗura mata iska har tumbin ya ɓace. Daga nan muka gaji al'adar cika taya fiye da kima. Ƙaramar motar da kamfaninta ya ce a ba ta 30 zuwa 35 a geji, sai ka iske an kai ta 50, direba kuma yana murna wai ta fi gudu. Tsakiyar tayar ta tafi, birki ya rage kamu, kowane rami kuma ya wuce kai-tsaye zuwa boljoin da bushin. Bayan haka ne tubles ta kori tif, yaran da ke sayen tsohon tif don yin guga da ɗaurin kaya suka fara nemansa da wuya.

Babban canjin kuwa tattalin arziki ne ya kawo shi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986, naira ta faɗi, sabuwar taya ta gagari talakan direba. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, tayar gwanjo da ake kira Beljiyam ta riga ta fara shigowa ta Kwatano tare da motocinta. A nan aikinmu ya shiga duhu. Tayar da ta yi shekaru a ƙarƙashin wata mota a Turai takan iso da tabonta a jiki. Ka shafa ka ji kaifi a gefe, amma ba ka san ko motar da ke gabanka ce ta yi shi ko wadda aka cire ta daga jikinta ba. Na ga an kwance ƙafar mota lafiyayya an sauya mata kaya masu tsada saboda laifin wata motar da ba ta taɓa taka ƙasar nan ba. Wasu tayoyin kuma don sanyi da ƙanƙara aka yi su, robarsu laushi, da tambarin dutse da ƙanƙara a gefe. A zafin watan Maris da Afrilu na ƙasar nan narkewa suke yi. Ga kuma masu cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin kwantena, abin da ke karya waya tun kafin a ɗaura. Irin wannan takan kumbura a wuri ɗaya, sitiyari ya riƙa rawa, a yi ta zargin alaimen, wato daidaiton ƙafafun motar.

Dole muka koyi tambaya kafin shafawa. "Oga, yaushe ka ɗaura ta? Haka ka saye ta, ko a wurinka ta yi haka? A gaba take tun farko?" In amsa ba ta gamsar ba, sai mu auna zurfin zanen a gefe da tsakiya, mu rubuta, mu ce ya dawo bayan ya yi 'yan makonni yana aiki. Abin da ya ƙaru a tsakani shi ne na motarsa.

Motocin da suka zo da gwanjon ma sun sauya lissafi. 504 da ƙafar baya take ja. Golf da Starlet da Carina da Sharan da gaba suke ja, da gaba suke juyawa, a gaba kuma nauyin inji yake, shi ya sa tayoyin gabansu ke riga na baya ƙarewa sai in ana musanya su. Sannan ga lodi. Golf da aka yi don mutum biyar, a ranar kasuwar Riba ko Bena sai ka gan ta da fasinja ninki biyu da buhuna a but, bayanta na sharar ƙasa. Ban ga laifin direban shi kaɗai ba, don na san abin da ke saura masa bayan kuɗin mai da na tasha. Amma in gefen ciki na tayoyin baya ya cinye a irin wannan mota, babu sifanar da za ta gyara shi. Hanya ma tana da nata kason. Inda kwalta ta tsuke bakinta ya zaizaye, kamar yadda muka sha gani a hanyar Dabai zuwa Mahuta da Koko, ƙafar dama ce ke sauka duk sanda aka yi kiciɓis da babbar mota. In ka ga tayar gaba ta dama ita kaɗai ta lalace, fara da neman wilin da ya lotsa da ƙarfen da ya lanƙwashe a wannan ɓangaren.

Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008, sai sababbin tayoyin Sin masu araha suka cike gurbin, wasu nagari, wasu kuwa araha ba ta ado. Shigo da gwanjon tayar ƙananan motoci haramun ne a dokar kwastan, amma kowa ya san kasuwarta ba ta mutu ba. Wani abu mai amfani da hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta koya wa jama'a shi ne duba ranar haihuwar taya: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 a 2019. Hukumar na cewa bayan shekara huɗu a daina amfani da ita. Roba tana bushewa ko ba a taka ta ba, kuma tsohuwar taya mai cikakken zane ta fi suɗaɗɗiya yaudarar mai saye.

Injin alaimen mai kwamfuta, da ya fara daga manyan birane, alheri ne, kuma ba na cikin masu kushe shi. Yana ganin abin da zare ba ya gani, musamman karkatar ƙafar baya. Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda wasu ke amfani da shi. A hau da mota, a maƙala na'ura, a juya goro har allo ya nuna kore, a karɓi kuɗi, ba wanda ya ɗaga ta a jak ya girgiza ƙafar. In boljoin ko taya-rod na da wasa, lambar da aka saita ba za ta wuce ramin farko ba. Kuma injin yana auna mota babu kowa a ciki, alhali tayar a ƙarƙashin lodi take cinyewa. Tayar ce ke gaya maka yadda ƙafar ke tsayawa a kan hanya, don haka nakan roƙi direba ya zo da tsohuwar da ya cire, kada ya bar wa mai takalmi ita tukuna.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 naira ta sake zubewa, direbobi sun fara zuwa da wuri, tun zanen bai tafi ba, don taya ɗaya yanzu tana cin ribar kwanaki masu yawa. Wannan ya faranta min rai. Abin da ya rage a wuyanmu masu faci shi ne geji. Da yawa daga waɗanda ke rataye a rumfunanmu sun sha faɗuwa sun daina faɗin gaskiya, wasu yaran kuma lambar da ke jikin taya suke bi, alhali ita iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ta motar tana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ina so shugabannin sana'armu a Zuru su ajiye geji ɗaya mai kyau, kowane mai faci ya riƙa kawo nasa ana gwadawa da shi, wanda ya kauce a jefar.