Jarfa da Tsaga: Yadda Kwamfuta Ke Gane Mutum Daga Alamun Jikinsa

Idan aka kai gawar da ba a san mai ita ba ɗakin ajiyar gawa na asibiti irin Barau Dikko da ke Kaduna ta Arewa, kuma fuska ta sauya kama, 'yan uwa kan koma ga alamun jiki: tabo, tsagar gado ko jarfa. Wannan tsohuwar dabara ce masana ke koya wa kwamfuta a yau, ta hanyar wani reshe na ƙirƙirarriyar basira da ake kira koyo mai zurfi.

Ana nuna wa manhaja dubban hotuna, wasu da zane a fata wasu babu, har ta riƙa bambancewa da kanta. Daga nan aikinta hawa uku ne: ta tabbatar ko akwai zane a hoton, ta nuna inda yake a jiki, sannan ta kwatanta shi da hotunan da ke rumbun hukuma, ta jero waɗanda suka fi kama da shi. Abin da jami'i zai yi kwanaki yana lalube, ita cikin daƙiƙu take gamawa.

A shekarar 2014 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tare da hukumar bincike ta FBI, ta shirya gwajin irin waɗannan manhajoji. A sakamakon da ya fito a 2015, manhajar da ta fi ƙwazo ta gano hoton da ke da zane daidai a fiye da kashi 96 cikin 100. Sai dai a 2016 ƙungiyar kare haƙƙi ta EFF ta soki aikin, domin an yi amfani da hotunan fursunoni, kuma zane na iya tona addinin mutum ko aƙidarsa.

A Kaduna tambayar ta bambanta. Zanen tawada irin na Turawa bai yawaita a Kawo ko Unguwar Sarki ba. Abin da aka fi gani shi ne aikin askar wanzami: bille, kalangu, fashin goshi, tsagar Gobirawa, da jarfar da ta yi fice a tsakanin matan Fulani. Tsaga tabo ce mai launin fata, jarfa kuwa baƙi ce a kan baƙar fata. Manhajar da ba a horar da ita da irin waɗannan hotuna ba tana iya wuce su ba ta gani ba. Lalle ma na iya ruɗa ta, alhali makonni kaɗan yake yi ya goge.

Ko ta gane, tsagar gado alamar zuriya ce, dubban mutane na iya ɗauke da iri ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar Interpol ta gano gawarwaki ta sanya zane da tabo a sahu na biyu, bayan zanen yatsa, haƙora da ƙwayoyin halitta. Zane yana taƙaita bincike, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa, al'adar kuma tana ja da baya, don haka alamun sun fi yawa a jikin manya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta sanya bayanan da ke nuna ƙabila ko addini cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Fuskar da ke ɗauke da tsaga tana faɗin asalin mai ita, kuma a garin da ya sha rikicin ƙabilanci, wanda ke riƙe da irin wannan rumbu amana mai nauyi ya ɗauka.