Harajin Tusa: Rigimar Niyuzilan ta 2003

Yau Niyuzilan za mu leƙa, ƙasar da tumaki suka fi mutane yawa, kuma kusan rabin iskar da take fitarwa mai ɗumama duniya daga noma da kiwo take tasowa.

A 2003 gwamnatin Helen Clark ta ce makiyaya su biya ɗan haraji domin binciken rage iskar metan da dabbobinsu ke fitarwa. Kai, sai ƙasa ta ɗauki zafi! Suka raɗa masa "harajin tusa", alhali yawancin iskar nan gyatsa ce, daga tumbi take fitowa. Wani ɗan majalisa, Shane Ardern, har tarakta ya tuƙa ya hau matakalar majalisa a Wellington. Gwamnati ta janye.

Ni abin da ke ba ni haushi, makiyayin ne farkon mai asara. Kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da saniya ta ci a gyatsa yake tafiya, bai zama nono ba, bai zama nama ba.

Jacinda Ardern ta sake tado maganar a 2022, gwamnatin Luxon ta binne ta a 2024. Danmak kuwa ta tsayar da 2030 ta fara karɓar nata harajin.