Jihar Arewa Maso Yamma: Jihar da ba ta kai shekara tara ba

MAI karatu, idan ka samu dattijon da aka haifa a Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi kafin 1967, tambaye shi jiha nawa ya zauna. Zai ƙirga maka huɗu: Jihar Arewa ta su Sardauna, Arewa maso Yamma, Sakkwato, sannan Zamfara. Abin mamaki, ko ƙofar gidan sa bai sauya ba! Ta biyun nan ce ba a cika tunawa da ita ba.

A ranar 27 ga Mayu, 1967 ne Yakubu Gowon ya rusa jihohi huɗu na wancan lokaci, ya yanka Nijeriya gida goma sha biyu. Babban dalili shi ne a rage wa Ojukwu ƙarfi a Gabas, a kuma kwantar wa ƙananan ƙabilu hankali. Kwana uku bayan haka Ojukwu ya shelanta Biyafara, a watan Yuli yaƙi ya ɓarke. Ka ga ke nan a bakin yaƙi aka haifi jihar.

Arewa ta kasu shida. Aka haɗa Lardin Sakkwato da Lardin Neja, aka ce su ne Arewa maso Yamma, hedikwata a Sakkwato. Gwamnan farko babban ɗan sanda ne, Usman Faruk. Dubi girman ta: daga Zurmi a bakin iyakar Nijar har Bida, Minna da tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Bazamfare da Banufe da Bagwari duk gwamna ɗaya.

A zamanin ta mutanen mu su ka ga abubuwa. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta kori fam da sule a 1973, ga kuma farin nan na 1972 zuwa 1974 da ya cinye amfanin gona da dabbobi. Ƙaura, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, da ma da jigilar gyaɗa aka san ta, sai ga noman gyaɗar ya fara ja da baya.

Janar Murtala ya hau a Yuli, 1975, ya turo Kanar Umaru Mohammed. Ran 3 ga Fabrairu, 1976 ya maida jihohi 19, aka raba ta biyu: Sakkwato da Neja, wani yanki kuma ya shiga sabon babban birnin tarayya. Kwana goma bayan nan aka kashe Murtala. Kebbi ta fita daga Sakkwato a 1991, Zamfara kuma ran 1 ga Oktoba, 1996.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane rabo da alƙawarin sa guda: a kawo gwamnati kusa da talaka. Hedikwata kam ta matso, daga Kaduna zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Gusau. Amma manomin Zurmi da 'yan bindiga su ka raba da gonar sa, ko ɗan kasuwar Shinkafi mai fargabar hanya, shi zai faɗa maka ko gwamnatin ta iso. Kusancin ofis daban, kusancin adalci daban.

Marubuta da 'yan fim, ga labari a ƙofar ku. Dattawan da su ka ga wannan zamani su na nan, amma kullum raguwa su ke yi. Ku je ku zauna da su tun kafin ƙasa ta rufe ido.